Zugazugin Bilkisu da Motocin da Na Ƙera

Zuwa ga Shugaban Makaranta da kwamitinsa mai tantance masu shiga ajin share fagen injiniyanci.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni ne Malam Habu, maƙerin gwangwani a Koki, mahaifin Bilkisu wadda kuka soke sunanta ranar Talata. Sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce min kana mitin, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na ɗaya. Kun ce kowane ɗalibi ya ƙero abu da hannunsa, a ga ko ya shirya wa ajin. Bilkisu ta yi mako uku tana haɗa zugazugin juyawa da gwangwanin mai da sarƙar tsohon keke. Wallahi ko almakashi ban riƙe mata ba. In ta tambaye ni, sai in ce ta koma ta sake aunawa. A gaban kwamitinku ta juya shi, iska ta watsar da takardun kan tebur. Abin da ta samu layi ɗaya ne da jan biro, wai 'yar maƙeri ce, aikin ubanta ne.

Na biyu. Kai, sannunku da ganewa! Motocin gwangwani huɗun nan da jirgin saman da kuka ba makin ƙoli, kuka jera a ofis kuna nuna wa baƙi, ni na ƙera su. Iyayen yaran da suka kawo muku su ne suka zo rumfata ɗaya bayan ɗaya. Na san abin da za a yi da su, kuma na yi. Wannan laifina ne, ina neman gafarar Allah. In kana shakka, kifa su. Za ka ga ɗigo uku da nake bugawa da ƙusa, alamar da na gada wurin mahaifina. Sai ka kifa zugazugin ka nemi ɗigon.

Na uku. Zugazugin nan karkatacce ne, dalmar da ta liƙa shi da ita duk ta yi tudu. Tun ina yaro nake riƙe da guduma, ni za a ce na yi wannan? Masanan da ba su iya bambanta hannun gwani da na ɗan koyo ba, su ne za su gaya mana wanda ya shirya? An bar jaki ana dukan taiki.

Ranar Alhamis za ku rufe sunaye, wanda bai shiga bana ba kuwa ya rasa ke nan. Ban ce a kori yaran nan biyar ba, ba su suka zo rumfata ba. Roƙona ɗaya ne: ku tara su duka da Bilkisu, ku ba kowa gwangwani da almakashi da abin awo, ku zauna ku zuba ido. In ta kasa, na yi shiru har abada.

Tun Talata yarinyar nan ba ta leƙa rumfa ba, ko haɗa ido ba ta yi da ni. Kun ce hannuna ne ya taimake ta. Hannuna kuwa shi ya kayar da ita, har sau biyar.

Allah ya yi maka jagora, ya buɗe idon kwamitinka kafin Alhamis.

Wassalam.
Malam Habu Maƙeri, Koki.