Jikata Ta Kai Wankanta Italiya

Zuwa ga ɗiyata Rabi,

Kacici-kacici kafin gaisuwa: mene ne a hannun kaka sunansa ƙauyanci, a hannun Nasara kuma sunansa magani?

Ina kwananku, ina gajiya? Ya Alhaji da ƙafarsa, ya yara, ya mutanen Damagaram? Mu lafiya lau, zuciyata ce kawai ke tafasa.

Ke kika ɗora ni jirgi in zo Lyon in yi wa ɗiyarki Fati wankan jego. Na taho da darbejiyata da kanwata. Ranar farko na tafasa ruwa, ta leƙa bokiti ta ce, "Kaka, likita ya hana. So kike ki dafa ni?" Na haɗiye. Har aka yi arba'in ban taɓa bayanta ba.

To, makon jiya ita da mijinta suka ajiye ni Paris gidan kawunta, suka ɗauki jaririn suka tafi hutu ƙauyen Italiya. Sai ga hotuna a waya. Mai ɗanyen jiki a kan keke! Hoto na gaba tana kwance cikin kududdufi mai tururi, wata baƙuwa na shafa mata taɓo. Na ce me ke nan? Wai, "Gyaran jiki ne, Kaka, ba ki san shi ba." Ni, da na gasa uwarta haihuwa shida!

Ki ce su maida ni gida kafin azumi. In bayanta ya riƙe, ta kira Italiya.

A sa mu cikin addu'a, musamman jaririn, shi bai yi mini laifi ba. Gai da Hajiya Mariama.

Taki, Inna.

Amsar kuwa, ruwan zafi ne.