Ni Na Yi Wa Giwa Hanci, Maigida Ya Karɓi Tafi

Gwaggo, ki cece ni kafin Asabar. Idan ranar ta zo ban samu mafita ba, ko dai maigidana ya sha kunya a gaban maƙwabta, ko motoci biyu masu lafiya su mutu a ƙofar gidanmu. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, ban taɓa gaya wa kowa wannan magana ba sai ƙanwata.

Ni 'yar mai aikin famfo ce. Mu biyar babanmu ya haifa, duk mata, ni ce babba, don haka ni na tashi ina riƙe masa sifana. Tun ina firamare na iya yanka bututu ya fita sak ba karkacewa. Yanzu ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, shekarata goma sha tara da aure, 'ya'yanmu huɗu. Baban yara ma'aikacin kamfanin inshora ne, kuma wallahi mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma idan kika miƙa masa sukuddireba sai ya riƙe ta kamar cokali. Ƙwan fitila ma sai ya karanta bayan kwalin kafin ya ɗaura.

Muna da wata biyu da aure janareta ya ƙi tashi, abokansa suna falo ana jiran kallon ƙwallo. Ya ja igiya, ya ja, har rigarsa ta jiƙe. Ni kuwa da rawar kai irin ta sabon shiga, na fito na kwance fulogi, na goge, na mayar, ja ɗaya inji ya kama. Abokansa suka yi ta tafi suna tsokanarsa. Gwaggo, kwana shida bawan Allah yana amsa min magana da "to" da "uhm". Daga ranar na shiga taitayina. Duk abin da ya lalace a gidan nan, famfo ne, fanka ce, dutsen guga ne, sai ya tafi ofis nake gyarawa. Idan ya dawo ya tambaya in ce, "Mai gyara ya zo." Shekara goma sha tara mai gyara yana shiga gidanmu yana fita, ko sau ɗaya bai tambayi sunansa ba.

To ga inda aka haihu a ragaya. Muna da wata tsohuwar jif da ta girmi babbar 'yarmu, yara suna ce mata Giwa. Kowace Lahadi Baban yara yana wanke ta, ya goge ta har da buroshin haƙori a tsakanin tayoyi, amma bonet ba ya buɗewa sai zai zuba ruwan wanke gilashi. Ni nake kai yara makaranta da ita, kuma akwai wani tudu kafin a kai ƙofar makarantar. Kullum a nan Giwa take nishi kamar mai ciwon asma, masu keke suna wuce mu suna waiwaye. Autata har kwanciya take a kujerar baya don kada 'yan ajinsu su gan ta.

Rannan na buɗe na leƙa. Akwatin matatar iska ya tsage, robar da ta haɗa shi da inji ta ruɓe, wani ya naɗe ta da salatif tun zamanin da. Wato inji ba abin da yake shaƙa sai zafin jikinsa da ƙura. Na fara kallon bidiyo a waya lokacin hutun rana, na ga yadda ake sa wa mota dogon bututu don ta jawo iska mai sanyi daga waje maimakon ta cikin bonet. Na nemi na kamfani, aka ce an daina yi wa irin tamu. Wanda wani mai shago ya rantse zai shiga, ƙyalli kawai gare shi, da na matsa shi da yatsa sai da ya lotsa. Sai jinin babana ya motsa.

Aka tura Baban yara kwas na mako guda. Na sayo bututun alminiyam, da roba mai gwiwa guda biyu, da kilif shida, da sabuwar matata mai kama da mazurari. Na ɗauko tsohon farantin da nake gasa kek, na yanka, na lanƙwasa, na yi katangar da za ta tare zafin inji. Ƙaramar na'urar nan mai auna iska na cire ta a hankali kamar jariri, na mayar da ita mazauninta. Yamma biyu na yi ina aiki, get a kulle. Da na murza makulli na taka totur, Giwa ta yi wani irin gurnani da ya sa kyanwar maƙwabta faɗowa daga katanga. Gwaggo, kife bokiti na yi na zauna a kai ina kuka. Shekara da shekaru ina gyaran abin da ya lalace a ɓoye, wannan ne karo na farko da na ƙera abu da hannuna tun rasuwar babana. Washegari muka haye tudun nan ba nishi, autata tana ɗaga wa masu keke hannu.

Ya dawo ranar Asabar. Lahadi ya fito da mota waje zai wanke, ya tada ta, ta yi gurnaninta. Kafin ya rufe baki maƙwabtanmu biyu sun iso, Mai Kemis da Malamin Lissafi. Dole ya buɗe bonet. Ina tagar kicin, ludayi a hannuna, ina jin komai. Mai Kemis ya ce, "Kai, maƙwabci! Wa ya yi maka wannan aiki?" Sai na ji muryar mijina, uban 'ya'yana, yana cewa, "Wa kuwa? Ɗan abin da nake taɓawa ne idan na samu sarari."

Bai tsaya nan ba. Ya ce bututun ya ƙara wa motar ƙarfin doki arba'in. Malamin Lissafi ya ƙwanƙwasa farantin kek ɗina ya tambayi ko wane irin ƙarfe ne, mijina ya ce irin wanda ake ƙera jirgin sama da shi ne. Farantin da har yanzu akwai tabon man gyaɗa a gefensa! Nan take suka ce sai ya yi wa nasu motocin, shi kuma baki ya riga ya zarce, ya ce su kawo Asabar mai zuwa.

Da ya shigo ya tambaye ni a hankali, kamar ba komai, wa ya taɓa Giwa. Na ce mai gyara. Litinin ya tafi gareji wurin bakanikenmu a ɓoye. Daga baya na ji cewa bakanike ya duba ya ce ba aikinsa ba ne, amma duk wanda ya yi hannunsa na da kyau, a kawo masa shi ya ɗauke shi aiki.

Tun daga ranar gidanmu ba lafiya. Sai yanzu ne Baban yara ya tuna yana son sanin mai gyara. Ina lambarsa? Na ce ta ɓace. Yaya kamanninsa? Na ce matsakaici ne. Me ya sa bai taɓa zuwa ba sai ba ya gida? Na ce ikon Allah. Ya dube ni wani irin kallo da bai taɓa yi min ba. Sau biyu a makon nan yana dawowa da tsakar rana wai ya manta fayil, ya leƙa bayan gida, ya leƙa sito, ya tafi ba fayil. Abinci sai ya tsakura ya ture. Jiya da safe na same shi tsugune gaban mota da biro da takarda yana zana bututun, kuma ya zana shi a juye. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanne zan fara ji.

Ƙanwata ta ce in ja bakina in yi shiru, wanda ya hau dokin ƙarya shi zai san yadda zai sauka. Ni kuma na yi tunanin in ce mai gyara ya rasu, amma na san halinsa, sai ya ce mu je gaisuwa. Kuma in faɗa miki gaskiya, Gwaggo, akwai wani ɓangare na zuciyata da yake son Mai Kemis ya san hannun wa ya yaba. Girman kai ne? Me zan yi? Sannan ga damina ta kusa, matatar kuma na sa ta ƙasa-ƙasa bayan bamba, abin yana ɗan damuna.

'Yar Mai Famfo

*

'Yar Mai Famfo,

Na yi dariya har tabarau ya zame min, sannan na sake karantawa na daina dariya. Kina ta lissafin Asabar, alhali wutar da ke cin gidanki ba ta Asabar ba ce. Mijinki yana zargin wani namiji yana shiga gidansa idan ya fita. Zargi irin wannan kamar tsatsa yake, idan ya kama, ko an kankare sai ya bar alama. Don haka ba Asabar ba, yau za ki yi magana. Kuma kada ki kuskura ki kashe mai gyara. Mutumin da ya mutu rana ɗaya bayan an fara neman lambarsa, ko ni sai na yi tambaya.

Bari in raba muku laifin, kowa ya ɗauki nasa. Shi ya yi ƙarya a gaban maƙwabta, ya ci tafin da ba nasa ba, har da ƙarin jirgin sama. Bai kyauta ba. Amma tasa ƙaryar kwananta biyar, taki ta kai shiga jami'a. Fushin kwana shida da wani saurayin ango ya yi, shi kika riƙe kika yanke wa mutum hukuncin shekara goma sha tara. Wataƙila har yanzu haka yake, wataƙila kuma ya girma tuntuni, ba ki ba shi damar nunawa ba. A ganinki kina kare masa mutunci ne, amma kin bar shi shi kaɗai ne a gidan bai san wa ya aura ba.

Ga yadda za ki yi. Ki tura yara gidan ƙanwarki. Kada ki tsaya dogon bayani a falo, don ba zai yarda ba, zai ɗauka rufa wa wani asiri kike yi. Ki kai shi gaban Giwa, ki buɗe bonet, ki kwance bututun a gabansa, ki mayar, ki tada mota. Sannan ki ce masa ke ce mai gyara tun daga janareta har yau, ki gaya masa dalilin ɓoyewar, ki ba shi haƙuri a kanta. A kan ɓoyewar kawai. Iya aiki ba laifi ba ne da za a nemi gafararsa. Kada ki yi dariya, kada ki ambaci farantin kek. Wannan ki adana shi sai kun tsufa.

Maganar maƙwabta kuwa, bakinsa ya ɗaura, bakinsa zai kwance. Kada ki fito ki tona shi a gabansu, kuma kada ki sake shiga sito ki yi aiki ya fito da shi a matsayin nasa. Tun kafin Asabar ya same su ya ce gaskiya aikin na uwargida ne, shi baki ne ya kwashe shi. Za su tsokane shi mako biyu, su gaji. Son da kike yi a san hannunki kuma ba girman kai ba ne. Ko tela yana son a tambayi wa ya yi ɗinkin.

Na kai wasiƙarki wurin bakanikena, na rufe abin da ya kamata in rufe. Ya ce doki arba'in ɗin nan ko jaki huɗu ba su kai ba. Yawancin sauƙin da kika ji a tudu daga toshe tsagewar nan ya zo da sabuwar matata, sauran kuma gurnani ne mai daɗin ji. Saboda haka motar da akwatinta ke lafiya, a bar ta ta sha iska yadda aka ƙera ta. Ya ce damuwarki a kan damina gaskiya ce: inji idan ya zuƙi ruwa, sai dai wani ba shi ba. Ki ɗaga matatar sama kafin ruwan farko, kada ki shiga kududdufi mai zurfi, kuma ki nemi akwati irin na asali ki ajiye saboda ranar da za a buƙata. Wani abu kuma, wasu kamfanonin inshora suna so a sanar da su idan an canza wani abu a inji. Wannan fagen maigidanki ne, ya fi mu sani. Ki tambaye shi da gaske, ki saurari amsarsa. Zai samu abin da zai gaya wa maƙwabta wanda ya iya da gaske, ke kuma ki ga yadda fuskar mutum take idan an tambaye shi abin da ya sani.

Idan ya yi fushi, ki bar shi ya yi, kada ki bi shi da rarrashi kamar kin yi sata. Namijin da ya kwana biyar yana neman ƙato a sito, ya wayi gari ya gano ƙaton matarsa ce, ina tabbatar miki daga baya hamdala zai yi.

Allah ya sanyaya zuciyar maigida kamar yadda kika sanyaya wa Giwa numfashi, ya jiƙan mahaifinki da ya koya miki sana'a, ya bar ku tare cikin rufin asiri irin na gaskiya.

Gwaggonku