Tabarmin Masallacin Ƙofar Gida

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Ruwa tun safe, gwiwa ta hana ni sakat. Zuwaira jikata ta dawo daga jami'a da sabon shirme. Wai ita da wasu ɗalibai mazauna nan Kwamba, Musulmi da Kirista, sun buɗe zaure a WhatsApp mai suna A Tambaya Tukuna. Duk wanda aka turo wa labarin da zai iya haɗa faɗa ba zai tura gaba ba. Zai kawo zauren, wanda ya fi kusa da wurin ya je ya gani da idonsa, sannan kowa ya mayar da amsar ga wanda ya turo masa.

Na ce mata ni na zauna a kwamitin zaman lafiya tun ba a haifi uwarta ba. Mun sha lemo, mun ɗauki hoto, mun rubuta rahoto da Turanci mai kyau, kuma ni na rubuta. Bayan shekara aka sake ƙone kasuwa. Ta ce, "To ai ku Turanci kuka yi, Tsoho." Ba ta da kunya.

Alhamis, 4 ga Yuli

Babu wuta. Shekara talatin ina shugabantar makaranta, yau da murfin kwali nake fifita.

Asabar, 6 ga Yuli

Abin ya zo har cikin gidana. Obadiya, ɗalibin da ke haya a ɗakin bakin zaure, an ɗauke shi bidiyo jiya bayan la'asar yana jan tabarmin masallacin ƙofar gida yana watsawa a ɗakin awaki. An rubuta a ƙasa wai ga yadda ake wulaƙanta wurin sallarmu. Zuwaira ta nuna min. Gaskiya idan ba ka san kan zancen ba, abin babu kyan gani, yana sauri yana jifa.

Ni na sa shi. Tun daminar bara na ce masa idan ya ga hadari ya kwashe tabarmin da ake shimfiɗawa a waje, tunda masallatan nan sallame sallah suke su watse. Ɗakin kuwa rabonsa da akuya tun rasuwar matata Hajiya, sunan ne kawai ya rage. Shi ne rufi mafi kusa.

Zuwaira ta ce in faɗi haka a waya. Na ce wanda ya san ni ya zo ya tambaye ni. Babu wanda ya zo.

Lahadi, 7 ga Yuli

Obadiya bai je coci ba. Labulensa a sauke, takalmansa ma ya shigar ciki. Da rana na ƙwanƙwasa, na tarar ya ɗaure littattafansa da igiya. Ya ce mamarsa ta kira daga Garam tana kuka, bidiyon ya kai can. Jarrabawarsa saura mako biyu. "Baba, ba laifinka ba ne," in ji shi. Ban tambaye shi ko laifin waye ba.

Da yamma na ga samari a gindin mangwaron tsallake, ba 'yan layinmu ba. Ba su yi komai ba, suna zaune suna kallon ƙofa. Na san irin zaman nan, na taɓa ganinsa.

'Yan zauren Zuwaira sun zo, sun ɗauki hoton ɗakin, babu akuya babu kashinta, tabarmi a jingine a bushe. Sun tura. Ta ce bai wadatar ba, ana cewa share wurin aka yi daga baya. Mutane murya suke yarda da ita, kuma muryar mai gida.

Na ce mata jama'a ba gaskiya suke nema ba, abin da zai tafasa musu jini suke nema. Ta ce, "Na ji. Idan ka gama fushi da jama'a, Obadiya na nan a ɗaki." Ta ɗauke kwanon tuwon ta fita.

Litinin, 8 ga Yuli

Na yi. Bayan asuba na sa hula, ban san dalili ba tunda murya ce kawai. Na fara da tarihin zaman Suleja, yadda garin ya karɓi baƙi, na gangaro kan tarbiyya. Zuwaira ta danne wayar. "Tsoho, wannan ai jawabin taron iyayen yara ne. Kafin ka iso kan tabarma an riga an fasa ƙofa." Muka sake. Ta sake tsayar da ni, wai na zagi samarin zamani, kuma su ake so su saurara.

Wanda ta karɓa a ƙarshe, ko ɗan aji ɗaya zai iya faɗinsa. Ni ne Malam Yahaya mai gidan. Ni na sa yaron nan ya riƙa kwashe tabarmi saboda ruwa. Babu akuya a ɗakin. Wanda ya yi sallah a kan busasshiyar tabarma a masallacin nan, Obadiya ne ya busar masa. Mai shakka ya zo, ina zaure.

Duk karatuna, abin da aka buƙata a wurina ke nan.

Na zauna a zaure har azahar ina kallon yadda suke yi. Ba watsawa suka yi ko'ina ba. Kowa ya tura wa wanda ya turo masa bidiyon, ya roƙe shi shi ma ya mayar baya. Haka suka bi sawu har kan wanda ya ɗauka, wani Kabiru, ɗan ajin su Zuwaira da ya zo wucewa ya fake wa ruwa a shagon tsallake.

Laraba, 10 ga Yuli

Kabiru ya zo, Zuwaira na gaba yana biye. Na shirya masa maganganu tun jiya. Da na ga yadda yake murza hula a hannu sai kawai na ce ya zauna. Ya ce shi ɗauka kawai ya yi ya tura wa mutum ɗaya, rubutun ma ba nasa ba ne. Wataƙila. Ya yi sabon bidiyo a ƙofar ɗakin awakin, shi da Obadiya, ya faɗi gaskiyar abin da bakinsa. Obadiya bai yi murmushi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Gindin mangwaro babu kowa sai mai gyaran keke.

Asabar, 13 ga Yuli

A kasuwa wata mai tumatir ta ce, "Kai ne Baban tabarma?" Rahotannina babu wanda ya taɓa tare ni a kansu.

Kar in ruɗi kaina. Wannan karon sun ci sa'a ne, gobe wani bidiyon zai fito.

Alhamis, 18 ga Yuli

Obadiya ya kwance igiyar littattafansa, amma tun ranar bai sake taɓa tabarma ba. Sau biyu ruwa ya jiƙa su, masallata suna gunaguni, babu wanda ya sunkuya.

Yau bayan la'asar hadari ya haɗo ta wajen Diko. Na gan shi tsaye a bakin ƙofarsa, yana kallon sama yana kallon tabarmin. Na fita na kama bakin babbar, gwiwa na ƙara. Na ce, "Kai, zo kama can, ni kaɗai zan ja?" Ya duba titi hagu da dama, sannan ya zo. Mun shigar da ta ƙarshe ruwan ya sauko.

Zuwaira ta sa lambata a zauren nasu, wai ko za a sake neman muryar tsoho. Ban ce ta sa ba. Zan cire kaina idan na koyi yadda ake cirewa. An kawo wuta, na jona wayar a caji.