Koren Kofin Injiniya

Litinin

Baban Injiniya,

"Ko ruwan shansa ba zan canza ba sai da saninki." Haka ka ce min a bakin mota, hannunka a ƙirji, ranar da zan tafi kwas ɗin malamai na sati shida. Na fara da maganarka ne don kada ka ce ban ji da kyau ba.

Bayan haka, ina gaishe ka. Ina fatan kana lafiya, aikin awon hanya kuma yana tafiya daidai. In ka tambayi tamu lafiyar, muna asibiti, sashen yara, gadon da ke jikin taga.

Na dawo ranar Asabar, ka riga ka tafi. Tun daga ƙofa na ji gidan tsit. Shekara takwas ban taɓa shiga ban ji wannan gunjin da ɗanmu Injiniya yake yi kamar firiji ba. Na same shi kwance a kujera, murafan kwalabensa a warwatse, shi da ba ya yarda ko ɗaya ya kauce daga layi. Ƙanwarka ta tare ni da fara'a, wai, "Anti, albishirinki, ya natsu. Yanzu ko baƙi aka yi ba a sanin yana nan." Na ɗaga shi, sai na ji kamar filo na ɗauka. Kilo huɗu ya zubar.

Ka fi kowa sanin abinci biyar kacal yake ci a duniya: burodi, madara, dafaffen ƙwai, farar shinkafa da ayaba. Shekara biyu muka yi muna lallashi kafin ƙwai ya shiga bakinsa. Sai ga takarda manne a firiji, da kyakkyawan rubutunka, an soke huɗu, wai su ne suke toshe masa ƙwaƙwalwa. A gabanka bara na tambayi likitarsa maganar canza abinci ga masu irin lalurarsa ta otizim. Ta ce in za a gwada, a cire ɗaya a sa wani, ana auna shi. Kai ka cire huɗu ka maye gurbinsu da iska.

Wannan ma da na haɗiye. Jiya da safe na zo wanki, na ga shuɗiyar rigarsa ta makaranta, gabanta duk ɗigo-ɗigon fari daga wuya har ciki. Shekara ashirin ina koyar da kimiyya, na san abin da yake cinye launin tufa. Na bi gidan da hanci har bayan littattafanka, na zaro 'yar kwalba mai ɗigo, an rubuta "Ruwan Tsarkake Ciki". Na buɗe. Bilic ne, Baban Injiniya. Wanda nake wanke banɗaki da shi ma ya fi shi kunya, domin shi an rubuta a jikinsa a nisanta shi da yara.

Kai ne fa mai duba ranar lalacewa a gindin gwangwani kafin ka saya. Kai ne ka taɓa mayar da burodi shago don ya kwana ɗaya.

Da na ritsa ƙanwarka, ta nuna min hotunan da kake tura wa zauren iyaye na waya: waɗansu dogayen zaruruwa a cikin fo, ka rubuta a ƙasa, "Tsutsar ciwon ta fara fita." Mutum talatin sun taya ka murna. Na nuna wa likita. Ta cire tabarau, ta ce ba tsutsa ba ce, fatar hanjinsa ce take saɓulewa.

Ba zan kira ka a waya ba, domin abin da zai fito daga bakina ba na aure ba ne. Direbanku zai kawo maka wannan.

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Matarka,
Maman Injiniya

*

Laraba

Baban Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ka tashi lafiya. Yaron da sauƙi, jinin da yake fita a bayan gidansa ya tsaya, an fara ba shi ayaba.

Na saurari saƙonka sau uku. Ka ce don kana son sa ka yi. Ban musa ba. Ina nan ranar da mai aski ya ce kada a sake kawo masa shi, na ga yadda ka zauna a mota ka kasa murɗa makulli. Ni ma ba waliyyiya ba ce. Akwai ranakun da na roƙi Allah yaron nan ya yi shiru ko na awa ɗaya. Ga shi na ga shirun, ban kuma taɓa jin abu mai ban tsoro kamarsa ba.

Ka ce Dokta ya ce amai da kasala alamar warkewa ce. Wane Doktan? Na bincika. Shekara uku da suka wuce cajar waya yake sayarwa. Farar riga ko mahauci yana da ita.

Ga abin da ya sa har yanzu ake yi wa ɗanka ƙarin ruwa. Ya ƙi shan komai. Nas ta kawo kofi, ya ture. Na aika gida aka kawo koren kofinsa, wanda tun yana shekara uku ba ya sha da wani, wanda muka taɓa komawa tafiyar awa biyu don mun manta shi. Yana ganinsa ya cusa kai ƙarƙashin filo yana karkarwa. A nan ƙanwarka ta fashe da kuka, ta faɗa min a cikinsa kake ɗiga masa, don ka san shi kaɗai ya yarda da shi.

Ta kuma ce kullum sai ya ce "a'a". Ka tuna wannan kalma? Shekara uku malamarsa ta yi tana koya masa, don ya daina buga kai da bango in ba ya son abu. Ranar da ya fara faɗinta kai ka ɗaga shi sama kana zagaya falo. Sati biyar yana faɗa maka ita safe da yamma, kana toshe masa hanci.

Da a nan abin ya tsaya, da tsakaninmu ne. Amma na ga ƙaramin littafin da ke aljihun jakarka. Gida tara, da ranar da ka kai wa kowanne kwalba. Ashe har ɗan aike ka zama. A ciki har da 'yar tela, mai shekara huɗu, wadda ni da kaina na haɗa ka da uwarta a ƙofar makaranta.

Jiya na kira su duka. Shida sun zubar, sun nufi asibiti. Uku sun ƙi. Uwar 'yar tela ta ce min, "Malama, ki yi haƙuri, mijinki da bakinsa ya ce naku ya warke. Ko don namu ne ba kya so ya samu?" Ba za su ji daga gare ni ba. Kai ka sa su, kai za ka fitar da su. Yanzu haka da nake rubutu, wataƙila ana ɗiga wa yarinyar nan na rana.

Saboda haka, da wannan takarda ta shiga hannunka, ka kira gidajen nan uku, ka faɗa musu gadon da ɗanka yake kwance da abin da ya kwantar da shi. Gobe Alhamis kafin sha biyun rana ka iso ofishin likita, ka rubuta mata inda mutumin nan yake haɗa ruwansa, tunda kai kaɗai ka sani. Kada ka ce min aiki. Hanya ba za ta gudu ba.

In sha biyu ta buga ban gan ka ba, zan ɗauki littafin da kwalbar in kai wa 'yan sanda da hukumar magunguna, kuma sunanka zan fara faɗa kafin na mai cajar waya. Daga asibiti gidan yayata za mu wuce, ba gidanka ba. Sannan in zauna da cokali, in fara koya wa ɗanka shan ruwa daga farko.

Ina gaida abokan aikinka. Allah ya kawo ka kafin lokaci.

Maman Injiniya