Wace Sura Ce Ba a Karantawa a Gaban Manya?

Zuwa ga Majalisar Dattawan Ikilisiyarmu, Kpakungu, Minna.

Rabaran da dattawa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji, da fatan iyalanku suna lafiya. Ni ne Ishaku tela, wanda ya shekara ashirin da biyu yana karatun Littafi Mai Tsarki a sujadar Hausa. Na rubuto a fili ne domin a fili kuka dakatar da ni, kuma har yau mamaki bai sake ni ba.

1. Jadawalin karatu ku kuka tsara shi tun farkon shekara, kuka manna a bango. Ranar da Onarabul ɗin yankinmu ya zo sujadar godiya saboda cin zaɓensa, abin da ya faɗo kaina shi ne Daniyel sura ta huɗu. Labarin sarkin Babila ne, wanda ya yi taƙama da ƙarfinsa, Allah ya sauke shi ya ci ciyawa kamar sa, har sai da ya gane cewa mulki na Maɗaukaki ne, yana ba wanda ya ga dama. Ban zaɓi surar ba, ban kuma san baƙo zai zo ba.

2. Ana cikin waƙar farko magatakarda ya lallaɓo ya raɗa mini cewa in bar wannan, in karanta wurin da ke maganar yi wa mahukunta biyayya. Allah ya sani na ɗauka wasa yake yi, sai da na ga yana gumi. Wancan wurin ma maganar Allah ce, na sha karanta shi, amma ba ranarsa ba ce. Na hau mumbari na karanta abin da kuka rubuta, ban ƙara kalma ba, ban kalli kowa ba.

3. Lahadin da ta biyo baya, ina zaune tsakiyar iyalina, aka sanar cewa an cire ni daga karatu saboda na kunyata babban baƙo. Ba wanda ya kira ni ya ji ta bakina.

4. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne baƙon bai ji haushi ba. A bakin ƙofa ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce marigayiya mahaifiyarsa takan ba shi wannan labari a garinsu Gwada, ya roƙe ni in riƙa yi masa addu'a kada kujera ta ruɗe shi. Magatakarda na tsaye, ya ji da kunnensa. To wa na kunyata? Da aka ɗauko kujerar Rabaran aka ba baƙo ban ce uffan ba, girmamawa ce. Amma ban taɓa zaton za mu ji wa Allah kunyar maganarsa a cikin gidansa ba.

Roƙona biyu ne. Ku janye sanarwar a gaban jama'ar da kuka yi ta, ku mai da ni kan karatuna. In kuwa hakan ya gagara, ga Littafina na haɗo da wannan wasiƙa. Ku sa jan biro a kan kowace surar da ba a karantawa idan manya sun zo, ku sa hannu a ƙasa, domin wanda zai gaje ni kada ya yi irin laifina.

Ubangijin da ke naɗa sarakuna ya kuma sauke su ya ba ku hikima da ƙarfin hali. Salamarsa ta kasance tare da ku, wassalam.

Ɗan'uwanku,
Ishaku tela, Kpakungu.