Agogon da Ka Aiko wa Inna

Zuwa ga Yaya Garba, a Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina sanar da kai direban motar gyaɗa ya kawo saƙonka ran Juma'a, ana tsakiyar cin kasuwa.

Yaya, ni ka raina wa hankali? Ni da Baba ya zaunar a rumfar nan ya koya wa gyaran agogo tun da ya bar aikin reluwe?

Da Baba ya rasu ka ce kai ne babba, ka jefa agogonsa na aljihu cikin jakarka ka tafi, na ƙyale ka. Bana idon Inna ya tafi, ta ce a kawo mata shi ta riƙa jin bugunsa a kunne. Wata huɗu tana tambaya kafin ka aiko.

Daga waje kam shi ne, har sarƙar. Amma ka manta Baba ba ya wanke agogon nan sai ya ja zane ɗaya da allura a cikin murfin baya. Yakan ce, “Wanda ya buɗe shi bayan raina ya san an kula da shi.” Zane goma sha bakwai ya bari. Na buɗe naka, murfi sumul. Lambar da ke jikin injin ma ta waɗanda aka ƙera bayan yaƙi ce, na Baba kuwa ya girme ni. Ka sayar, ka sayo mai kama da shi, ko kunya babu.

Sannan don ƙarin wulakanci wani ya ɗura masa man gyaɗa, duk haƙoran injin sun danƙare. Kwana uku ina wanke su da kananzir, ina tsine maka a zuci.

Da agogon ya tashi, sai na yi abin da ba zan yafe maka ba. Na ɗauki allurar Baba na ja zane goma sha bakwai da hannuna. Ka mai da ni maƙaryaci a gaban uwata.

Na kai mata da hantsi. Ta kara a kunne ta daɗe, sannan ta ce in buɗe bayan. Ta bi zanen da farce tana ƙirgawa har ƙarshe. Ta ce, “Sun cika. Sai dai Malam hannunsa na rawa, bai taɓa jan layi a miƙe haka ba.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ka ba. Cewa ta yi in rubuto in tambaye ka ko yunwa ce ta sa, kuma me ya hana ka faɗa.

Ni har yanzu ina fushi. Amma in yunwar ce, Yaya, akwai dawa a rumbu, ka taho gida. Allah ya jiƙan Baba, ya shirye mu, ya kawo ka tun tana iya gane muryarka.

Ƙaninka,
Isuhu mai agogo, Wudil.