Naman da Ban Binne Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu ma nan alhamdu lillahi, sai dai gajiya. Baba na nan da ƙafarsa, Umma kuwa tana ɗan cin abinci idan aka matsa mata.

Akwai maganar da na kasa faɗa miki a waya. Bayan aikin da aka yi wa Umma na ciwon dajin mama, asibiti sun ba ni 'yan ƙulli biyu, nama ne aka daskarar cikin kaki, kowanne kamar guntun sabulu. Ɗaya daga maman aka yanko, ɗaya daga kaluluwar hammatarta, inda ciwon ya bazu. Aka ce in kai babban ɗakin gwaji. Umma ta ce ai jiki ɗaya ne, ciwo ɗaya, in kai guda ya isa, ɗayan in binne mata, don naman mutum ba abin yawo da shi cikin jaka ba ne. Ni ma da guntun wayona na ga gaskiyarta. Na kai na maman, na ce mata na binne na hammatar. Ƙarya na yi, Yaya. Ranar ko tsayuwa ba na iyawa don gajiya, sai na jefa shi aljihun keken ɗinkina, cikin zare da maɓallai, na manta.

Gwaji ya nuna ciwon irin wanda ƙwaya ke dannewa ne. Wata huɗu tana shan ƙwayar nan kullum da safe, sai ga wani kumburi ya fito saman ƙashin wuyanta. Likita ta juya takardu, ta tambaye ni sakamakon hammata. Ta ce ciwon yakan sauya hali idan ya bar inda ya fara, alamomin da ke jikin na mama ba lallai su ne a na kaluluwa ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na koma gida na zazzage aljihun nan, na ɗauko ƙullin na kai ɗakin gwaji. Mako biyu muna jira, kuma haka ya fito: na hammatar ba ruwansa da ƙwayar, maganinsa daban ne, ta ƙarin ruwa ake ba da shi.

Kin san Umma da ƙin allura. Dole na faɗa mata daga inda sabon sakamakon ya fito. Ina jiran faɗa, sai ta ce ai tuni ta ga abin, ranar da take neman almakashi, ta yi shiru ne ta ga yaushe zan gaji da ƙarya. Ta yarda da ƙarin ruwan, da sharaɗin idan sun gama da naman in binne shi tana kallo.

Wata huɗun nan ne suka tsaya mini a rai. Ta gani, ni na ajiye, babu wanda ya buɗe baki. Ranar Litinin za a fara ƙarin ruwan. Ki zo, Yaya, ko na mako biyu ne. Ban taɓa roƙonki ba, amma na gaji, kuma na fara tsoron shawarata ni kaɗai.

Ki gaida maigidan, da 'yan biyu, da Gwaggo idan kun haɗu. Baba yana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Auta